Wasiƙa zuwa ga Babana

Babana,

Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Labari ya iso gare ni cewa ka daina zuwa wurin likita, maganin damuwar ma ka ajiye shi, wai ka ji sauƙi. Kada ka tsaya binciken wanda ya faɗa mini. Wanda ya ji sauƙi ba ya wuni a ɗaki da labule a sake, ba ya ƙin ɗaga wayar ƙannensa.

Ka san abin da ke cina. Shekaru mahaifinku ya yi yana fama da ciwon damuwa kafin hannunsa na dama ya fara rawa. Kowa ya ce barin aiki ne, ko abin da ya faru tsakaninsa da Baffanku. Sai rubutunsa ya ƙanƙance, ya fara jan ƙafa, sannan aka ce Parkinson ce, cutar ƙwaƙwalwa mai sa rawar jiki da wahalar motsi.

Tun ranar nake bin duk abin da aka gano a kanta. A 2015 masu bincike a Swidin sun fitar da sakamakon bin diddigin mutum sama da 140,000 masu ciwon damuwa. Kashi 1.1 cikin ɗari daga cikinsu sun kamu da Parkinson, alhali a waɗanda ba su da damuwar kashi 0.4 ne. Ko bayan shekara 15 zuwa 25, haɗarin bai sauko daidai da na sauran mutane ba. Na san za ka ce kusan 99 cikin 100 ba su kamu ba, kuma mafi yawan masu Parkinson ba gadonta suka yi ba. Duk gaskiya ne. Amma ni ɗayan nan na yi jinya, na wanke, na ba shi abinci a baki.

A Parkinson, a hankali ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da dopamin, sinadarin da ke taimaka wa motsin jiki, ke mutuwa. Kafin hannu ya yi rawa, wajen rabinsu sun tafi. Sau da yawa kuma cutar kan riga ta taɓa sassan da ke kula da walwala da barci da jin ƙanshi. Shi ya sa a wasu mutane damuwar ce alamar farko, shekaru kafin jiki ya nuna.

Har yau cikinku akwai masu cewa na matsa wa mahaifinku da asibiti. Da ban matsa ba, ina zai sami levodopa, maganin Parkinson? Shekarun da ya ƙara yana ɓalle maɓallin rigarsa da kansa, a kwance zai yi su. Kai ka gani da idonka, amma ka zauna kana yi wa kanka likitanci. Wannan ba jarumta ba ce, taurin kai ne, kuma na san inda ka samo shi.

Ban ce maganin damuwa zai tsare ka daga waccan cutar ba. Damuwar ita kaɗai ta isa a nemi maganinta, kuma likitan da ke ganinka a kai a kai shi zai fara lura idan wani abu ya canza. Ka faɗa masa tarihin mahaifinka. Ka tambayi matarka ko kana naushi da shuri cikin barci. Ka lura da jin ƙanshi da taurin bayan gida, don duk waɗannan kan zama alamun farko. In maganin ne ke sa maka rawar hannu, don wasu kan sa, likitan ne zai canza shi, ba kai ba. Ka riƙa fita kana motsa jiki.

Ban yi fushi ba, Babana, tsoro nake ji. Ranar da ka dawo daga asibitin ka kira ni, ka faɗa mini abin da likitan ya ce. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka lafiya.

Mahaifiyarka