Hannuna Na Kan Kibod, Zuciyata Kuwa Ban San Inda Take Ba

Baba Rabaran,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kuna lafiya, da Mama da yara da dukan waɗanda kuke aiki tare a gidan rediyon. Filinku na amsa wasiƙu ba ya wuce ni, ko ina kan keken ɗinki sai na ƙara muryar rediyo don kada ƙarar keke ta cinye maganarku. Ina roƙo kada a ambaci sunana ko na majami'armu, domin wanda ya san ni zai gane ni tun daga layin farko.

Ni tela ne a Kaduna, shekaruna 34, ina da mata da 'ya'ya biyu. Asalinmu daga wajen Malumfashi muke, a can aka haife ni, a gidan da ake tashinmu addu'a tun kafin zakara ya yi cara na biyu. Tun ina yaro nake buga ganga a coci, daga baya wani yayanmu ya koya mini kibod, yau shekara 11 ke nan ni ne mai kibod na ƙungiyar makaɗan majami'armu. Mu shida ne: ni, da mai jita, da mai jitar bes, da mai ganguna, da 'yan mata biyu masu amshi.

Baba, abin da ya sa na rubuto shi ne, ban tuna ranar ƙarshe da na yi sujada ba. Na san maganar za ta ba mai ji dariya, domin in aka ƙirga sa'o'in da kowa yake yi a cikin coci, bayan Fasto da mai gadi ni ne na uku. Laraba akwai addu'ar tsakiyar mako. Alhamis da Asabar da yamma gwaji. Ran Lahadi ƙarfe 6 na safe ina can ina jan wayoyi, ina gwada makirfo, ina duba ko akwai mai a janareto. Sujadar Turanci ta fara ƙarfe 7, ta Hausa ta biyo baya, ba na barin kujerar nan sai wajen ƙarfe 1 na rana. Ban da ɗaurin aure, ban da jana'iza, ban da kwanan addu'a na ƙarshen wata. Watan Disamba kuwa ba a magana: ɗinkin Kirsimeti ya danne ni a shago, gwajin waƙoƙin Kirsimeti ya danne ni a coci, har zuwa daren 31 ga wata da ake tsallakawa sabuwar shekara a cikin majami'a.

Amma bari in gaya muku abin da nake yi a kan kujerar nan. In Fasto ya ce a rufe ido a yi addu'a, kowa ya sunkuya, ni idona a buɗe yake, yana kan hannun Fasto, ina jiran alamar da zai yi mini in rage sauti ko in tsaya. Ina taɓa kibod a hankali a ƙarƙashin addu'arsa, mutane suna hawaye, ni kuwa lissafi nake yi a raina: in ya kai nan zan ɗaga, in ya sauke murya zan sauke. In wata uwa daga Zumuntar Mata ta tada waƙa daga tsakiyar jama'a, su suna jin waƙar, ni laluben inda muryarta ta faɗa nake yi, yatsa ɗaya yana bin maɓallai har in kamo ta kafin baiti ya ƙare, sannan in juya in nuna wa mai bes da baki cewa a kan maɓallin F take. Lokacin wa'azi shi ne kaɗai hutunmu, kuma kunya ba za ta hana ni faɗa ba, sau da yawa a bayan coci yake samunmu, muna shan ruwan leda muna gardamar wa ya yi saurin kiɗa a waƙar baiko. Sai mun ji Fasto ya ce "a ƙarshe" mu lallaɓo mu dawo.

Abubuwa biyu ne suka farkar da ni. Na farko ranar Jibin Ubangiji ne, watanni huɗu da suka wuce. A wurinmu dattawa ne suke zagayawa da gurasa da ƙoƙo, mu kuma muna kiɗa a hankali har a gama rabawa. Dattijo ya iso gabana ya miƙo, na sa hannun hagu na ɗauka, hannun dama bai bar kibod ba don kada sauti ya yanke, na jefa a baki na haɗiye. Sai da na je gida ina cire takalmi abin ya faɗo mini: na ci jibin ko ban ci ba? Na tambayi matata ko ta ga dattijo ya zo wurina. Ta dube ni ta ce, "Baban Ladi, lafiyarka kuwa?" Manzo Bulus ya gargaɗi Korintiyawa cewa kowa ya fara auna kansa kafin ya ci gurasar nan ya sha ƙoƙon nan. Ni ban auna komai ba sai tsawon waƙa.

Na biyun ya fi yi mini ciwo. Wata Lahadi aka ɗauke wuta a tsakiyar yabo, janareto kuma ya ƙi tashi. Kibod ya mutu, jita ta mutu, lasifika ta yi shiru. Mai jagoran sujada ya ce a buɗe Littafin Waƙoƙi a ci gaba da baki kawai. Jama'a suka ɗauki wata tsohuwar waƙa da na kaɗa ba sau ɗari ba, tsofaffi suna rerawa ba tare da sun duba littafi ba. Na buɗe baki zan bi su, sai na tarar layin farko kawai na sani. Na san inda waƙar take hawa, na san inda take sauka, na san inda zan yi mata ado tsakanin baiti da baiti, amma ban san abin da take faɗa ba. Na ari littafin yarinyar da ke kusa da ni na bi kalmomin da yatsa kamar ɗan aji ɗaya, kuma a ranar na fara jin abin da waƙar take cewa game da gicciye. Hawaye ya zo mini. Ana cikin haka wuta ta dawo, mai ganguna ya buga mini sanda a kafaɗa, na mayar da littafin na koma bakin aiki.

A gida ma abin ya taɓa mu. Mahaifiyata har yanzu tana riƙe da Littafi Mai Tsarki na kakanmu, tsohon juyin Hausa na 1932, bangonsa ya tafi, ta ɗaure shi da tsumma. Ba ta iya ko tafi daidai da kiɗa ba, amma ban taɓa ganin asuba ta same ta ba ta durƙusa ba. Ni da na tashi a hannunta, nawa Littafin yana cikin jakar kibod tare da wayoyi, daga Lahadi sai Lahadi. In na ce zan tashi da asuba in keɓe da Ubangiji, gajiya ta danne ni. In na samu na durƙusa, kafin in kai tsakiyar addu'a kaina ya fara jera waƙoƙin Lahadi mai zuwa. Matata ce take jan yara addu'ar safe. Kwanakin baya ƙaramin ɗana, mai shekara 4, aka ce ya rufe ido a yi addu'ar abinci, sai ya ce shi ba zai rufe ba, ai Baba ma ba ya rufewa a coci. Kowa ya yi dariya. Ni tuwon bai wuce mini ba.

Akwai wani abokin sana'ata Musulmi da muke shago ɗaya. Da an kira sallar azahar zai ajiye almakashi, ko da mai kaya na tsaye a kansa, ya je ya dawo. Minti goman nan ba na kowa ba ne. Na sha kallonsa ina tambayar kaina, ni a cikin sa'o'i bakwai na ran Lahadi, wane minti goma ne zan ce tsakanina da Allah ne kaɗai? Mu teloli an san mu da abu ɗaya: mu ɗinka wa gari duka kayan biki, mu fita da tsohuwar riga. Ban zaci halin zai bi ni har cikin coci ba.

Ba zan ɓoye muku ɗayan gefen ba, domin in na ɓoye shawarar da za ku ba ni ba za ta yi mini magani ba. Ina son kiɗan nan. Kuma ina son yabon da ake yi mini. In aka tashi wata uwa ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, yau ka kai mu sama," sai in ji kaina ya yi girma har gida. In aka tashi babu wanda ya ce komai, yinin nan haushi nake ji. Akwai ranar da wani baƙon yaro ya zo daga wata ikkilisiya aka ba shi kibod ya taɓa waƙa ɗaya, jama'a suka yi ta tafi, ni kuwa na zauna ina ƙirga kurakuransa. Shi ya sa in na karanta wurin da Ishaya ya yi maganar mutanen da suke girmama Allah da leɓe zuciyarsu tana nesa, ko wurin da Amos a sura 5 ya ce a kawar da hayaniyar waƙoƙi, gabana yake faɗuwa, sai in ga kamar an cire leɓe an sa yatsu ne kawai.

Na taɓa kai maganar wurin shugaban ƙungiyarmu. Ya saurare ni da kyau, mutumin kirki ne, amma abin da ya ce shi ne kiɗan kansa ai sujada ce, Zabura 33 ta ce a kaɗa da gwaninta, Dawuda ma da garaya ya kori mugun ruhu daga Saul, saboda haka in daina bari Shaiɗan yana sa mini shakka. Na yarda da ayoyin. Sai dai Dawudan da ya riƙe garaya a fada shi ne wanda ya saba zama shi kaɗai da Allah a jeji bayan tumaki, ni kuwa fadar kawai nake da ita. Wani dattijo kuma da na yi wa zancen a kaikaice ya ce baiwa amana ce, wanda ya binne talantinsa mun san yadda ya ƙare. Matata ita nata ra'ayin a fili yake: in ajiye na wata shida, in zo in zauna kusa da ita da yara, abin da ba mu taɓa yi ba tun ranar aurenmu. Ta ce taura biyu ba ta taunuwa.

Ni kuma da na koma na yi ɗan bincike da kaina, na ga wani abu a Tarihi na Fari sura 25 da ban taɓa lura da shi ba. Mawaƙan da Dawuda ya keɓe a ƙarƙashin Asaf da Heman da Yedutun su 288 ne, aka raba su kashi 24, kowane kashi mutum 12, aka jefa ƙuri'a a kan aikinsu, babba da ƙarami, malami da ɗalibi. Ashe ko a can ba a ɗora wa mutum ɗaya kayan duka ba. Mu kuwa mai kibod ɗaya ne a ikkilisiya mai sujada biyu. Akwai yara biyu da suke sha'awar koyo, ɗaya ma hannunsa ya fara faɗawa, amma in gaskiya za a bi, ni ne ban matsa na koya musu ba. Ina ce wa kaina ba su kai ba tukuna. Wataƙila tsoron ranar da za su kai nake yi.

To Baba, ga ni gaba kura baya sayaki. In na sauka, Lahadi mai zuwa babu mai kiɗa, za a ce na yi fushi ne ko wata coci ta saye ni da kuɗi, domin an saba ganin haka, kuma ni kaina ban tabbata zan iya zama a benci in ji wani yana ɓata waƙa ba tare da hannuna ya yi ƙaiƙayi ba. In na ci gaba a yadda nake, ina tsoron in tsufa a gaban bagadi kamar Marta, ina ta hidimar tukwane, Ubangiji yana cikin ɗaki ban zauna na ji ko kalma ɗaya daga bakinsa ba.

Abin da nake so ku taimake ni da shi: mutum zai iya yin sujada ta gaskiya alhali hankalinsa yana kan hannun Fasto da maɓallai, ko kuwa dole ne makaɗi ya nemi nasa abincin a wani lokaci dabam, ya ɗauki na Lahadi a matsayin hidima zalla? In hutun ne ya dace, ta yaya zan faɗa wa Fasto da dattawa ba tare da maganar ta zama ƙorafi ba, tun da ba su yi mini laifin komai ba? Ku da kuka daɗe kuna tsayawa a gaban jama'a kuna ciyar da su, na san ba za ku rasa sanin irin wannan yunwar ba, ina so in ji yadda kuka yi da taku. Jibin Ubangiji na gaba saura mako biyu, kuma ban san ko in miƙa hannu in ɗauka ba, ko in bar dattijo ya wuce.

A gaishe mini da Mama.

Ɗanku cikin Ubangiji,
Wani makaɗi daga Kaduna