Wasiƙa kan kwashe fayiloli zuwa manyan faya-fayai

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin can?

Na ga saƙonka cewa an ɗora maka kwashe fayilolin mainframe ɗinku, wato babbar kwamfutar ma'aikatarku, daga ƙananan faya-fayai zuwa manya. Allah ya yi jagora. Mu ma mun sha wannan aiki, kuma maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna rubutu.

A takarda lissafin daɗi gare shi. Ƙaramin faifai Mod-9 silinda (ma'aunin fili a faifai) 10,017 yake ɗauka, babban faifai Mod-54 kuwa 65,520, shida su shige ɗaya har da rara, lambobin na'ura su ragu, shugabanni su yi ta murna. To amma ba fili ne ke fara ƙarewa ba, VTOC ce, wato rajistar fayilolin da ke kan faifai. Kowane fayil sai ya ci gurbi a wannan rajistar. In ka bar ta yadda take a ƙaramin faifai, sai ka ga rabin faifan fanko amma z/OS, manhajar da ke tafiyar da mainframe, ya ƙi karɓar sabon fayil, masu aikin dare kuma su tashe ka daga barci. Ka yanka ta da faɗi tun ranar da za ka shirya faifan da manhajar ICKDSF, ita da fihirisarta. Ana iya faɗaɗa ta daga baya, sai dai in wani fayil ya tare mata gaba, sai ka fara ɗauke shi, ko ka mayar da ita wani wuri a faifan.

Sai cunkoso. Kamar rumfuna shida ne aka rushe aka gina kanti guda mai ƙofa ɗaya: kaya sun samu wuri, masu saye sun yi layi. Kada ka fara kwashewa sai an kunna HyperPAV, wanda ke ƙara wa faifai ƙofofi, ka kuma riƙa leƙa IOSQ, wato lokacin jira a layi, a rahoton RMF mai auna aikin na'ura.

Abin da ya fi cin rai shi ne tsofaffin JCL, wato rubutattun umarnin gudanar da ayyuka, da aka rubuta sunan faifai (VOL=SER) a cikinsu tun kafin a ɗauke mu aiki. Ga kuma fayilolin da ba sa cikin katalogi (kundin da ke nuna faifan da kowane fayil yake), biyu da suna ɗaya, kuma faifai guda ba ya ɗaukar su tare. Ka nemo masu su da wuri. Wasu sun yi ritaya.

Ka sake duba iyakar cika ta SMS ma, wato tsarin da ke raba wa fayiloli faya-fayai. In ta tsaya a kashi 85, ragowar da ke zaune a Mod-54 silinda 9,828 ne, kusan Mod-9 sukutum.

In kuma EAV shugabanni suke so, wato faifan da ya fi Mod-54 girma, ka tuna sama da silinda 65,520 ana rabon fili 21-21 ne. Ƙananan fayiloli su tsaya ƙasa, in ba haka ba ɓarna ce zalla.

Ka rubuto min irin faya-fayan da aka ba ka. A gaida Hajiya da yara.

Naka har kullum,
Amininka