Rahoton ayyukan ƙungiya na shekarar 2024, Gadarif

Assalamu alaikum 'yan'uwa mambobi, manya da ƙanana.

Bana ba sai an ba ku labari ba. Tun faɗuwar birnin Wad Madani a yaƙin Sudan a Disambar 2023 Gadarif ta cika da baƙi, sannan na Sinja da Maiwurno suka biyo baya. Ajin koyon kwamfuta ya koma masauki na wani lokaci, darasi ya ragu, amma teburin gyara bai tsaya ba. Mun ci gaba da ɗora Linux, tsarin tafiyar da kwamfuta na kyauta, a kan tsofaffin kwamfutocin da sabuwar Windows ta fi ƙarfinsu.

Watan Fabrairu, da aka katse intanet a kusan duk ƙasar, shi ya nuna mana da me muke tsaye. Sunayen waɗanda suka sauka a makarantu da LibreOffice aka rubuta su. Malaman da ba su da littafi Kiwix suka buɗe, suka karanta Wikipedia ba tare da layi ba. Karatun da ke cikin filashi kuma VLC ne ya kunna shi. Babu wanda ya nemi lasisi ko katin banki a hannunmu.

Daga nan aka kawo shawarar mu riƙa tallafa wa masu kula da waɗannan manhajoji, kuma an yi muhawara mai zafi. Wani dattijonmu ya tambaya, da wane ido za mu aika kuɗi Turai alhali maƙwabci na kwana da yunwa? Tambayar tana kan hanya, shi ya sa aka yanke cewa ba za a taɓa asusun agaji ba ko da fam ɗaya. Daga kuɗin gyara kawai ake cire ɗan kaso.

Ni dai ina ganin bashi muke biya. Mutane na zaton kamfanoni ne ke riƙe da waɗannan abubuwa, alhali sau da yawa mutum ɗaya ne ko biyu, bayan sun taso daga aikin da ke ciyar da su. A 2014, da aka gano ɓarakar tsaro ta Heartbleed a cikin manhajar OpenSSL, aka ji cewa wannan manhaja, wadda ke tsare sirrin shafuka masu ɗimbin yawa, gudummawar da take samu a shekara ba ta wuce kusan dala 2,000 ba. A ƙarshen Maris na bana kuma wani injiniya mai suna Andres Freund ya gano ƙofar ɓoye a cikin xz, ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace Linux, har da waɗanda muke ɗorawa. Lasse Collin ya daɗe yana ɗauke da ita shi kaɗai, ba albashi, ya gaji. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana nuna taimako har aka miƙa masa ragama, sannan ya dasa ƙofar. Gajiyar mutum ɗaya ta kusa buɗe kwamfutocin duniya.

Aikawa ita ce wahalar, tunda PayPal ba ya aiki a Sudan. Wani mambanmu da ke zaune a waje ne ke biya da katinsa, mu kuma mu tura wa iyalinsa kwatankwacin kuɗin ta Bankak, manhajar banki ta waya. Ta haka muka kai wa The Document Foundation ta Jamus mai kula da LibreOffice, da VideoLAN ta Faransa mai kula da VLC, da Kiwix ta Suwizalan. Rasidai suna wajen ma'aji ga mai son dubawa.

Darajar fam ta sa abin ya zama kaɗan idan an mayar da shi Yuro. Don haka badi kwamiti na neman amincewarku a kan biyan wata-wata maimakon sau ɗaya, domin mai kula da manhaja ya fi iya tsara aikinsa da abin da ya san zai zo, kuma a ƙara ƙaramar manhaja ɗaya mai mutum guda a kanta. Wanda ba shi da kuɗi yana da Hausa da Larabci: fassara da kai rahoton matsala su ma suna rage musu nauyi. Masu so su ba sakatare sunansu kafin babban taro.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya. Wassalam.

Shugaban ƙungiya, a madadin kwamiti