Yola zuwa Maiduguri a jirgi, me ya kai mu Abuja?

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili in amayar da abin da ke cina tun watan jiya.

Hajiyarmu ce ke da ganin likitan ƙoda a asibitin koyarwa na Maiduguri, mu kuma a Jimeta muke. Jikinta ba zai ɗauki mota ba, don hanyar Biu zuwa Damboa wadda ta fi kusa kowa ya san dalilin da ya sa direbobi ke gudunta, sai dai a zagaya ta Damaturu, kuma in yamma ta yi maka a hanya sai ka kwana. Shi ne muka haɗa kuɗi ni da ƙannena muka ce a hau jirgi. Na duba a waya, na je har ofis na tambaya, amsa ɗaya ce, wai sai mun je Abuja tukuna mu canza wani.

To jama'a a duba lissafin nan. Daga filin jirgin Yola zuwa na Maiduguri a miƙe kusan kilomita 300 ne kacal, tafiyar da ba za ta kai awa ɗaya ba ko a ƙaramin jirgi mai farfela. Amma Yola zuwa Abuja ta haura kilomita 550, Abuja zuwa Maiduguri kuma wajen 700, kenan mun yi sama da kilomita 1,200 a sama, ninki huɗu, kuma tikiti bibbiyu kowannenmu. Da safe muka tashi, awa ɗaya muka sauka Abuja, sannan zama ya fara. Tsohuwar nan a kan kujerar ƙarfe ƙafafunta sun kumbura har silifas ya ƙi shiga, na cire jakata na tokara mata, azahar da la'asar duk a zaune ta yi su, can ta kalle ni ta ce wai Maidugurin ƙaura ta yi ne? Wallahi na rasa me zan ce mata. Sai bayan magariba muka shiga gari.

Na san hujjar masu jirage, kuma ban ce ƙarya suke ba. Boeing 737 na ɗaukar mutum sama da 100, kuma wajen tashi ya fi shan mai, in ka sa shi gajeriyar hanya rabin kujeru ba kowa asara ce. Amma ai ba shi kaɗai ne jirgi a duniya ba, akwai irin su ATR mai kujera 50 zuwa 70 da dama don irin wannan zirga-zirgar aka ƙera su. Tun da kamfanin jiragen gwamnatin tarayya, Nigeria Airways, ya durƙushe a 2003 aka bar kusan komai a hannun ɗan kasuwa, shi kuwa inda riba take nan yake bi.

Gwamnoninmu shida na arewa maso gabas sun sha maganar kafa jirgin yanki, to muna roƙo a fito da shi mu gani a ƙasa. Ko sau biyu a sati ne ya taso Yola ya taɓa Gombe ya sauka Maiduguri, ɗalibai da 'yan kasuwa da masu jinya za su cika shi. Nan da wata uku likita ya ce mu dawo da ita.

Naku,
Mai karatu daga Jimeta, Yola