Wasiƙa daga Zuru

Ɗana Ishaya,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Muna lafiya, an gama yankan dawa, ƙafata ma da sauƙi. Kuɗin da ka aiko sun iso, Allah ya ƙara buɗi.

Rifkatu ta nuna mini abin da kake sakawa a waya kowace Lahadi, hoton Fasto da aya a ƙasa. Ta ce a can Birnin Kebbi har ɗaukar wa'azin kake yi, kuma ka shiga mawaƙa. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Amma da dare barci ya ƙi zuwa.

Wata 14 ke nan ba ka ce wa ɗan'uwanka Bitrus uffan ba, saboda rigimar gona. Kirsimetin bara ya miƙo maka hannu a tsakar gidan nan, ka wuce shi kamar ka ga kututture. To, wa'azin da ka cika waya da shi, wa ke ji? Wayar?

Ni ban yi nisa a boko ba, ka sani. Amma tun ina budurwa a majami'armu ta UMCA, in Fasto ya faɗi maganar da ta soke ni, sai in ƙulla bakin zanena. Ƙulli ɗaya tak, ba na kwancewa sai na aikata. Akwai wanda ya yi sati uku, kan maganar akuyar nan ta Saratu, har wanki na yi da shi a ƙulle. Ƙarshe dai na ɗebi dawa a ƙwarya na je ƙofarta. Don haka kada ka ce na matsa maka.

Buɗe Matiyu 5:23-24. A ajiye baikon da za a miƙa wa Allah, a je a shirya da ɗan'uwa tukuna. Yaƙub 1:22 kuwa, mai cewa a aikata maganar ba a ji kawai ba, kai ka haddace shi a makarantar Lahadi, har aka ba ka kyautar sabulu.

Abin da ke cin raina, baffanka ne. Shekara 30 a bencin gaba, Amin ɗinsa ya fi na kowa ƙarfi, in an tashi ya zauna gindin mangwaro ya maimaita wa'azin kaf. Ka san yadda ya rasu, ka san wanda bai zo jana'izarsa ba. Ranar da ka juya wa Bitrus baya, tafiyarsa na gani a ƙafarka. Har ɗaga kafaɗar. Gona ce fa, Ishaya! Kunya nawa ce a cikinta? Ciki ɗaya kuka fito, ba zan yarda ku tsaya a kan kabarina wannan gabas wancan yamma ba.

Na san an ɓata maka, ban ce shi ke da gaskiya ba. Shi ma ya sha nasa faɗan. Lahadin nan dai ka bar wayar a aljihu, ka kasa kunne, ka fito da magana ɗaya. Lambarsa ba ta canja ba.

Na ba mai mota daddawa da gyaɗa, ka je tasha ranar Asabar ka karɓa.

Mamarka