Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Gidaje: A Nuna Wa 'Yan Fansho Lissafin Kuɗin Gida

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne. Na cika shekara 35 ina aiki, na ajiye, kuma har yau a gidan haya nake da iyalina a Kano. Kukan da na kawo maka nawa ne, amma duk ranar da muka haɗu da abokan aikina wurin tantance 'yan fansho, shi ne zancen da ke bakin kowa.

Bara na je duba wani rukunin gidaje da wani kamfani ke ginawa a bayan gari. Ba zan kama sunansa ba. Tallarsu kamar da mu aka yi ta: gidajen ƙasa babu hawa bene, ga rijiyar burtsatse, ga masallaci a tsakiya, ga alkawarin ɗakin shan magani. Mai ciwon gwiwa irina me zai nema bayan wannan? Muka yi ciniki, na ba da kafin alƙalami daga kuɗin sallamata. Bayan 'yan watanni sai ga takarda wai farashi ya tashi, ko in cika ko in jira a sami wani mai saye a mayar mini da kuɗina. Na tambayi dalili, aka ce siminti.

Ban musa cewa siminti ya yi tsada ba. Buhun da ake saya wajen naira 5,000 a 2023 ya haura 10,000 a farkon 2024, har gwamnati ta kira masu masana'antu a watan Fabrairun shekarar aka yi matsaya a kan 7,000 zuwa 8,000. Rodi da kwanon rufi da tayil duk sun bi dala tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, kuma ruwan da bankuna ke ɗora wa mai neman rance ya doshi kashi 30 cikin ɗari. Magini ma yana da iyali, kuma ba don sadaka ya kafa kamfani ba. Sai dai gidan da na yi ciniki a kansa, ranar da na biya an riga an rufa shi, an yi filasta. Na taɓa bangon da hannuna. Simintin da ya riga ya bushe a jikin bulo ta yaya tsadar yau za ta same shi? Wannan tambayar na yi musu, kuma har yanzu ba a ba ni amsa ba.

Ranka ya daɗe, alƙaluman ma'aikatarka ma sun isa su sa mutum tunani. A 2024 an bayyana cewa gida mai ɗakin kwana ɗaya a rukunan shirin gidaje na gwamnatin tarayya mai suna Renewed Hope da aka gina da kuɗin kasafi yana kamawa naira miliyan 8 zuwa 9, irinsa kuma da aka gina da haɗin gwiwar 'yan kasuwa ya kai miliyan 22. An ce dalili shi ne ɗan kasuwa yana ɗaukar nauyin fili da hanya da kwalbati, yana kuma cin bashi mai tsada. Na yarda da wannan. Amma tazarar ta kai miliyan 13. Nawa ne na fili a ciki, nawa ne ruwan banki, nawa ne riba? Idan duka halal ne, bayyana shi ba zai rage wa kowa komai ba. Idan kuma akwai wanda ke fakewa da guzuma yana harbin karsana, to hukumarka tana da ikon ganin takardun.

Abin ya fi ciwo a kan ɗan fansho saboda shi ba shi da hanyar kaucewa. Tun dokar Asusun Gidaje na Ƙasa ta 1992 ake yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci. Asusun yana ba da rance a kan ruwan kashi 6 cikin ɗari, a biya har shekara 30, amma ana auna wa'adin da shekarun mutum, saboda haka wanda ya kusa 60 ƙofar ta kusa rufe masa. A 2022 hukumar fansho ta fitar da ƙa'idar cire kashi 25 na ajiyar fansho don shiga sayen gida, sai dai wanda ya rage masa ƙasa da shekara uku ya bar aiki ba ya ciki, balle wanda ya riga ya bari. Abin da ya rage wa tsoho shi ne kuɗin sallamarsa, wanda sau ɗaya ake ba shi a rayuwa. Matashi in an ƙara masa farashi zai iya haƙura ya ci gaba da tari. Mu babu albashin wata mai zuwa da za mu cike giɓi da shi, kuma masu talla sun san haka sarai. Su ne ke fara kiran waya da zarar labari ya fita cewa an biya wani rukuni haƙƙinsu.

Roƙona na farko shi ne duk kamfanin da ya karɓi filin gwamnati, ko kuɗin asusun ma'aikata, ko lamunin ma'aikatarka, a wajabta masa manna lissafin gida guda a ƙofar ofishinsa da kuma intanet: kayan gini, ladan ma'aikata, fili, ruwan banki, riba. Muna da ƙwararrun masu ƙiyasin gini a ƙasar nan da za su iya dubawa su sa hannu. Sannan a kafa ƙa'ida cewa da zarar an karɓi kafin alƙalami a kan ginin da ya kai rufi, farashi ya tsaya. In ginin bai kai nan ba, a rubuta tun farko iyakar abin da za a iya ƙarawa, da Hausa ko duk harshen da mai saye yake ji, domin da yawa daga cikin zawarawan abokan aikinmu da ke sayen gida da kuɗin gadon marayu ba sa karanta Turancin lauyoyi.

Ina kuma roƙon a ware wa waɗanda suka yi ritaya wani kaso na gidaje marasa bene da ake ginawa da kuɗin kasafi, a bar su su biya kaɗan-kaɗan daga fanshon wata. Wanda aka yanki albashinsa shekara da shekaru don gidaje ya cancanci a fara kiran sunansa.

Kuɗin hayata zai ƙare nan da wata huɗu, kafin alƙalamina kuma yana hannun kamfanin. Uwargidana tana tambayata ko mu sabunta haya ko mu sayar da gonar gado mu cika. Na ce mata ta ba ni lokaci in rubuta maka tukuna.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani ɗan fansho daga Kano