Wai don ba ta yi ihu ba?

Malam Edita, assalamu alaikum.

A shirinku na makon jiya kan fyaɗe, wani ya bugo waya ya ce macen da ba ta yi ihu ba, ba ta yaga rigar mutumin ba, to da yardarta. Tun ranar maganar ke cina.

Nan Aboabo a Kumasi akwai wata yarinya 'yar shekara 19, kayayo ce, wato 'yar dako, a kasuwar Kejetia. Wanda ya yi mata aika-aikar wuƙa ya ɗora mata a wuya, ya ce ta kuskura ta motsa sai dai a kai gawarta arewa. Ta sandare kamar icce. Da aka zauna gaban manya, tambayar farko ita ce: ina raunin? Haba jama'a! Wanda ɗan fashi ya nuna wa bindiga ya miƙa kuɗinsa, kyauta ya bayar?

Dokar laifuffuka ta Ghana ta 1960, wato Act 29, ta fi mu adalci a nan. Sashe na 98 cewa ya yi fyaɗe shi ne saduwa da mace mai shekara 16 zuwa sama ba da yardarta ba. Bai ce sai ta yi kokawa ba. Sashe na 14 kuma ya soke duk yardar da aka samu ta yaudara ko tursasawa, kuma barazana na cikin tursasawa. Hukuncin ɗaurin shekara 5 zuwa 25 ne.

Sai dai a kotu lauyan wanda ake tuhuma zai ɗaga takardar likita ya ce babu ƙwarzane ko ɗaya, ya tambaye ta me ya hana ta faɗa da wuri. Aikinsa ke nan, ban ga laifinsa ba. Mu ne muke sauƙaƙa masa: mu sa yarinya ta yi wanka, mu wanke zanen, mu kwashe kwanaki muna "a rufa asiri" kafin a je DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a cikin gida da taimaka wa waɗanda aka zalunta, a karɓi fom ɗin asibiti. Alhali sulhun da dokar kotuna ta 1993 ta yarda da shi na ƙananan laifuffuka ne, ban da fyaɗe.

Don Allah ku gayyato lauya mace da jami'ar DOVVSU su yi wannan bayani da Hausa. A sa shirin bayan isha'i, lokacin da kayayo suka dawo daga kasuwa.

Wata uwa,
Aboabo, Kumasi